Sunan Ɗan Fari Daga Mumbai Zuwa Tashar Bakura

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagona a Talata Mafara, ko bututu ɗaya ya zo saye, sai ya gyara zama a benci ya ce, "To Alhaji Ummaru, yaya ƙasar take? Da gaske suna rawa a tsakiyar titi?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi duka, har da wurin.

Sana'ata sayar da injin ban ruwa. Da tallan rake na fara a kasuwar Talata, na koma gyaran inji a bakin fadama, har Allah ya sa manoman rani daga Bakura zuwa Faru suka san ƙofar shagona. Na daɗe ina sayen kaya ta hannun dillalai, inji ya yi wata uku ya fara tari, manomi ya dawo da shi yana kallona. Sai na ce zan je in gani da idona. Akwai wani ɗan kasuwa a Mumbai, Yusuf Bai, wanda muka daɗe muna hulɗa ta waya, shi ya aiko da takardar gayyata. Ba na jin Turanci, don haka na ɗauki Malam Sahabi, ƙanin matata, malamin makaranta a Bakura, ya zama bakina.

Ga wurin da nake tsallakewa. Ina da ɗan fari, kuma sunan mahaifina, wanda muke kira Malam, aka sa masa. Kun san yadda muke: ɗan fari akwai kunya, sunan uba akwai nauyi. Tun ranar da aka yanka masa rago ban taɓa furta sunan nan ba. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa da wani in ce "mai sunan Malam". Na koya masa gyaran inji har hannunsa ya fi nawa. Sai ya kama waƙar gambarar zamani, wadda suke kira hip hop, magana ce da gudu a kan kiɗa. Na ce ko shago ko waƙa. Ya kwashe kayansa ya koma Bakura gidan kawunsa Sahabi. Na aika masa cewa duk ranar da ya bi waƙa zuwa Legas, kada ya sake taka ƙofar gidana. Shekara biyu ke nan ba mu zauna tabarma ɗaya ba.

Mun bar Mafara da hantsi, domin hanyar Gusau ba a yi mata sammako ba a yi mata yamma. Mun wuce mararrabar Maradun Sahabi ya ce, yana kallon taga, "Alhaji, yaronka fa ya tsai da rana. Lahadin da za mu dawo, washegarin isowarmu gida, za shi Legas."

Na ce, "Allah shi tsare hanya."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Bature, na ɗauko ka don fassara, ba don wa'azi ba."

Bature nake ce masa saboda Turancinsa. Ya yi dariya ya ƙyale ni. Amma har Kano maganar ba ta bar raina ba.

Daga Kano jirgi ya kai mu Addis Ababa, muka yi zaman jira, wani ya ɗauke mu zuwa Mumbai. A wurin jami'an shige da fice na miƙa fasfo da katin allurar shawara. Jami'in ya duba ni, ya duba hoto, ya kaɗa kai hagu da dama. Na ce wa Sahabi, "Ya ƙi. Tambaye shi abin da ya ɓace." Kafin Sahabi ya haɗa Turancinsa mutumin ya buga hatimi ya miƙo mini. Ashe haka suke cewa to. Kwana uku na yi kafin in daina jin haushin kaɗa kan nan. A kwastan kuwa suka buɗe jakata suka ci karo da kilishin da matata Hajiya ta ƙulle mini. Wata jami'a ta ɗaga shi da yatsu biyu tana tambaya ko fata ce ta takalmi. Sahabi ya yi bayani har da kwatancen saniya da hannu. Suka riƙe. Na ce masa ya gaya mata ta ɗan gasa kafin ta ci. Bai fassara ba.

Masaukinmu ɗaki ne ƙarami a hawa na huɗu, kusa da wani masallaci. Gado biyu, fanka, da taga mai kallon igiyoyin shanya na maƙwabta. Garin kuwa mutane ne kan mutane. Ku ɗauki kasuwar Talata ranar jajiberin Salla, ku ce ba ta watsewa, to kun kusa. Kowa na hon, ba wanda ke fushi. Na ga saniya kwance a gefen titi, motoci na kauce mata, ba makiyayi ba igiya. Na tsaya ina duba ƙugunta da haƙoranta yadda aka saba, Sahabi ya ja rigata ya ce, "Alhaji, wagga ba ta kara ba ce, taho mu tahi."

Abinci ya ba mu wuya da fari. Gidan da muka fara shiga babu nama ko ƙwaya, sai wake iri iri da gurasa mai laushi da shinkafa. Yaji kuwa, ni da nake taƙama da barkonon Bakura, sai da na share hawaye da hular kaina. Shayinsu ne ya saye ni: madara da citta, a ɗan kofin da bai fi kurɓi uku ba. Mai shayin ƙofar masaukinmu ya gane ni, da ya hango ni sai ya jera kofi huɗu.

Yusuf Bai dattijo ne gajere mai jan gemu, idonsa kamar na mai awon zinariya. Ya kai ni ma'ajiyarsa ya sa aka tayar da inji. Na ɗauki sukundireba na ɗora bakinsa a jikin injin, na sa kunnena a mariƙin, yadda nake yi tun ina yaro. Na ce wannan ba na so, akwai abin da ke kaɗawa a ciki. Ya dube ni, ya kaɗa kai, ya sa aka jawo wasu daga can ƙurya. Daga ranar muka fahimci juna, Sahabi ma ya samu hutu.

A hanyar komawa masauki, cikin tasi, na ji muryar wani tsoho ta kira suna sau biyu, "Samir. Samir." Ya ƙara wata 'yar magana. Na ɗauka wayar direba ce. Sai kiɗa ya faɗo, wani saurayi ya kama zuba magana da gudu. Direban ya ƙara murya yana bugun sitiyari. Na ce, "Har nan abin ya biyo ni?" Bayan nan na ji waƙar a wurin mai shayi, na ji ta a shagon aski, na ji yara 'yan makaranta suna yin ta.

Ranar Juma'a bayan masallaci Yusuf Bai ya ce za mu ci abinci gidan ƙanwarsa. Muka bar mota a bakin titi muka shiga wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Jarkoki a jere a gindin famfo, famfon a bushe. A jikin bango an zana fuskar wani saurayi da fenti, babba. Muna shiga gidan sai ga mai fuskar zaune a ƙasa yana yanka albasa. Yusuf Bai ya ce, "Ɗan ƙanwata, Samir. Shi kake ji a tasi."

Ya tashi ya gaishe ni da hannu biyu. Siriri ne, da zobe a kunne, abin da ban so ba, amma ladabinsa ba shi da gyara. Uwarsa, tsohuwa mai farin mayafi, ta fito da tiren shinkafa da naman akuya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda take kiran sunansa a gaban baƙi, da ƙarfi, ta ja kunnensa, ta ɗebi loma ta sa masa a baki. Na tambayi Sahabi a hankali ko auta ne. Aka ce shi ne na fari. Na sunkuyar da kai, ni kunyar ta kama.

Muna ci Yusuf Bai yana ba da labarin Samir, Sahabi na juya mini. A shagon Yusuf Bai ya tashi, yana naɗa wayar cikin inji. Yakan rubuta baitoci a bayan kwalayen kaya, har wata rana aka aika wa wani mai saye inji da waƙa a jikin kwali. Da yamma samarin unguwa sukan yi da'ira a bakin layin dogo, ɗaya na kiɗa da baki, sauran na karɓar magana bi da bi, wanda numfashinsa ya yanke ya fita. Ba da yaren littafi yake yi ba, da yaren lungu yake yi, irin na masu keke da masu wanki. Waƙarsa ta farko da ta fita a kan famfon nan ne na ƙofar gida, wanda ke kawo ruwa sau ɗaya a yini, mata na layi suna faɗa suna shiryawa. Da waya aka ɗauka. Ta bazu, aka fara kiransa wasa a manyan wurare, har ƙasashen waje. Ya saya wa uwarsa gida a sama, ta ce ba ta barin maƙwabtanta, shi ya sa kowace Juma'a yake dawowa yanka albasa.

Na ce a tambaye shi, tsohon da ke kira a farkon waƙar wane ne.

Samir ya ce mahaifinsa ne. Direban keke mai ƙafa uku ne, kuma bai taɓa yarda da waƙar ba. Yana so ɗansa ya gaji shagon kawunsa. Sun yi shekaru suna gaisuwa sama sama. Wata rana Samir yana wurin ɗaukar waƙa bai amsa waya ba, tsohon ya bar masa saƙon murya: ya kira sunansa sau biyu, ya ce abinci na hucewa. Ba a jima ba ya rasu.

Na ce, "Amma dai ya ji waƙoƙinka kafin ya rasu?"

Ya ce, "Ban sani ba. Na duba wayarsa, babu ko ɗaya. Wannan kiran shi ne abin da nake da shi, sai na gina waƙa a kansa don kada ya ɓace."

Bayan abinci ya hau da mu wani ɗan ɗaki a sama, an lulluɓe bangon da katifa, nan ya fara aiki. Yusuf Bai ya riga ya gaya masa na yi talla ina yaro, sai ya nace in yi masa kiran tallan. Na ƙi, na ƙi, har na tsaya gaban makirufo da babbar rigata na ce, "Rake! Ga rake mai ruwa, na fadama!" Ya danna wasu abubuwa, sai ga muryata tana maimaita kanta a kan kiɗa, daidai kamar bugun inji mai lafiya. Sahabi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ma na kasa riƙewa.

A nan Sahabi ya ci amanata. Ya zaro wayarsa ya ce wa Samir wani abu da Turanci, ya miƙa masa. Kafin in yi magana murya ta cika ɗakin, muryar da na sani tun tana kuka a zanin goyo. Ban taɓa tsayawa na ji waƙarsa ba sai ranar, a ƙasar mutane. A kan manomin rani ce, wanda injinsa ya mutu tumatir na fure. Ya ambaci fadamun Morai da Faru, ya jera sunayen kayan inji ba kuskure ko ɗaya. Can a tsakiya ya kawo wani mai gyara da ke sa kunne a mariƙin sukundireba ya ji ciwon inji, ya ce mutumin yana jin kukan ƙarfe amma bai jin na mutum. Sahabi bai fassara wannan wurin ba, kuma bai dube ni ba.

Samir ya sa aka maimaita. Ya ce kiɗan ba shi da kyau, an ɗauka a ɗaki mai amsa kuwwa, kuma mawaƙin yana sauri inda ya kamata ya jira. Sannan ya ce, "Amma ban ji kalma ɗaya ba, na san ba ƙarya yake yi ba. Wannan ba a koyar da shi." Ni ɗan kasuwa ne. In mutum ya fara faɗa maka aibin kaya kafin kyansa, ka riƙe maganarsa.

Ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, yaya sunansa?"

Na ce wa Sahabi, "Hwaɗa mishi."

Samir ya ce a'a, ni ya tambaya. Sai Sahabi ya yi masa bayanin ɗan fari da sunan uba, ya ce ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, haka muka taras. Uwar Samir ce, wadda ta hawo da shayi ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi magana. Yusuf Bai ya juya wa Sahabi, Sahabi ya juya mini. Ta ce ta gane sarai. Su ma a gidansu mace ba ta faɗar sunan miji. Shekara talatin da wani abu tana ce masa "baban Samir". Ta ce, "Yanzu kullum ina faɗar sunan. Bango ke ji."

Ta ajiye shayin ta sauka. Ban iya sha ba.

Da za mu tafi Samir ya ɗauko wani tsohon makirufo, fentin ya goge a wurin riƙo. Ya ce da shi ya sake ɗaukar waƙar famfo bayan wadda aka ɗauka da waya. Uwar ta naɗe shi a ƙyalle. Ya ce in kai wa ɗana, in gaya masa ya riƙa jira kafin ya faɗi magana mai nauyi. Na karɓa na ce na gode, ban yi alkawarin komai ba.

Sauran kwanakin na kammala abin da ya kai ni. Na zaɓi injuna ɗaya bayan ɗaya da kunnena, aka rufe su a gabana. Na sayi mayafai na Hajiya, Sahabi ya sayi littattafai da suka kusa fasa masa jaka. Mai shayi ya ƙi karɓar komai ranar ƙarshe, ya dafa ƙirji ya kaɗa kai, ni ma na kaɗa masa.

A Addis Ababa aka ce jirgin Kano sai gobe. Lissafina shi ne mu sauka Juma'a, in kwana gida Asabar, in yi tunani. Sai ga shi mun sauka Kano ranar Asabar da azahar. Wani jami'i ya zaro makirufon daga ƙyalle ya ce, "Alhaji, wa'azi kake yi?" Na ce tsaraba ce. Muka kama hanya, la'asar sakaliya ta same mu a Gusau, direba ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba ya wucewa. Muka kwana. Sahabi ya kira gidansa, matarsa ta ce yaron ya ɗaure kaya, motar Sakkwato zai shiga da safe, daga can ya hau babbar mota. Na lura ya zaɓi hanyar da ba ta bi ta Mafara.

Sahabi ya ce, "In kira shi in ce ya jira?"

Na ce, "Kada ka kira."

Da rana ta ɗaga muka taso. Mun iso Mafara direba ya rage gudu daidai kwanar shagona. Na ce ya wuce. Sahabi ya dube ni.

Tashar Bakura cike take, 'yan acaɓa, masu ƙosai, awaki a ɗaure. Motar Sakkwato saura mutum ɗaya, ɗan kamasho na ta kira. Na hango shi ta baya, yana ɗaure jaka a bayan mota, irin ɗaurin da na koya masa. Ya rame. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Da na ce "kai", mutum goma za su waiwayo, shi kuwa ya san wannan kiran, ya san abin da ke biyo bayansa. Sunan mahaifina ne, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba. Na ce a raina, Malam, ka yafe mini, aro zan yi.

Na ce, "Haliru."

Bai juyo ba. Hannunsa dai ya tsaya a kan igiya. Wani tsoho mai sayar da goro da ya san gidanmu ya ce, "Subhanallahi, Alhaji!"

Na ƙara, da muryar tallan rake. "Haliru!"

Ya juyo. Ya dubi Sahabi, ya dube ni, kamar yana neman wanda ya yi maganar. Ya taho a hankali ya durƙusa a cikin ƙurar tasha. "Baba, sannu da hanya. Kun sauka lahiya?"

"Lahiya lau. Tashi." Na miƙa masa ƙyallen. Ya buɗe, ya juya makirufon a hannunsa yadda yake juya kayan inji. Na ce, "Wani mai sana'a irin taka ya aiko. Ya ce kiɗanka bai da kyau, kuma kana sauri. Ka riƙa jira kafin ka hwaɗi magana mai nauyi." Na ɗan tsaya. "Na ji ta mai sukundireba."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ban yi don..."

"Kayan injin ba ka yi kuskure ba ko ɗaya. Sauran ma haka."

Ɗan kamasho ya buga jikin mota ya ce, "Mai jaka, za ka ko ba za ka ba?"

Haliru ya dube ni. Na ce, "Tahi. Allah shi yi maka albarka. In ka zo Salla, ƙofar tana inda ka bar ta. Uwarka kuwa ka kira ta kafin ka kai Sakkwato, in ba haka ba ni za ta ci."

Ya yi taku biyu ya dawo. Ya zaro wayarsa, ya danna wani wuri ya ɗago ta kusa da bakina.

"Baba, don Allah. Sau guda."

Na dubi mai goro, na dubi Sahabi da ke goge tabarau ba gaira ba dalili. Na ce, "Wagga tasha ba ta da sirri." Sannan na matso da bakina na faɗa, sau biyu, a hankali, don ya ɗauku da kyau.